Keɓewa don rubuta labarin rayuwarka: tambayoyin da aka fi damuna da su

Tun da na dawo daga wani zama na kwana 5 da muka yi mu tara, mata zalla, a wani gidan saukar baƙi a bayan gari, ba aikin da muke sai rubuta abin da ya faru da mu a rayuwa, mutane suke ta jefo min tambaya, wasu a gidan biki wasu a ɗakin malamai, wasu kuma sai dare ya raba su kira ni a waya suna ƙasa da murya kamar mai neman maganin da ake jin kunyar saya a kemis. Toh na gaji da maimaita magana ɗaya shi ne nace bari in tattara su waje guda. Ni malamar makaranta ce, ba likita ba ce ni ba kuma malamar addini ba, abin da na gani da wanda na karanta shi zan faɗa.

Wai mene ne ma abin, Malama? Hutu ne ko makaranta?

Ba ko ɗaya ba, ko kuma ince duka biyun. Turawa suna ce masa ritirit, wato mutane kaɗan su bar gidajensu su tare a wani waje mai shiru na 'yan kwanaki tare da wani da ya san rubutu, kowa yana aiki a kan nasa labarin. A Ingila akwai gidauniyar Arvon da aka kafa tun 1968, su tsarinsu kwana 5 ne, da safe a zauna tare a yi darasi, da rana kowa ya gana da malami shi kaɗai, da yamma kuma ɗaliban ne da kansu suke girki bi da bi, daren ƙarshe kowa ya karanta abin da ya rubuta. A Amurka akwai Hedgebrook a wani tsibiri a jihar Washington, tun 1988, wannan na mata marubuta ne kawai.

Kuma a lura, ba tarihin rayuwa irin na manya ake nufi ba wanda za a fara da an haife ni a shekara kaza na shiga elementare a shekara kaza na zama kwamishina. A'a. Yanki ɗaya ake ɗauka a tsaya a kai, shekarar da mahaifiyarki ta yi jinya, ko wata 8 da kika yi a gidan riƙo, ko aurenki na fari.

Mu a Najeriya akwai irinsa?

Akwai masu kama da shi. Wanda na fi sani shi ne Ebedi a garin Iseyin na jihar Oyo, Dokta Wale Okediran ya kafa shi a 2010, marubuci yakan zauna kamar sati 6 ya yi aikinsa yana kuma ɗan koyar da 'yan sakandaren garin. Ƙungiyar marubuta ta ANA ma tana da ƙauyen marubuta na Mamman Vatsa a Mpape Abuja. Amma waɗannan na duk wani nau'in rubutu ne, kuma yawanci wanda ya riga ya fara littafi suke nema. Ita dabarar cire mutum daga hidimarsa a ajiye shi ya yi rubutu ma ba baƙuwa ba ce a wajenmu, a 1936 haka aka ɗauko Abubakar Imam daga koyarwa a Katsina aka kawo shi Zariya na wata 6, a zaman nan ya rubuta Magana Jari Ce.

Namu dai ba wata ƙungiya ba ce ta shirya, mu muka haɗa karo-karo kamar adashi, muka roƙi wata dattijuwa da ta daɗe tana koyar da adabi ta jagorance mu. Anti muke ce mata duk da ta haifi wasunmu.

Yaya ranar take tafiya?

Bayan Asuba shiru, ba mai yi wa wata magana har ƙarfe 9, wannan dokar ita ta fi ba mu wahala, kin san mu da gaisuwa, ranar farko sai da aka yi ta dariya ana an tashi lafiya da hannu. Daga nan a karya a zauna darasi zuwa Azahar. Wayoyi kuwa suna cikin wata tsohuwar kula a ɗakin Anti, sai bayan Magariba ake ba ki minti 30 ki ji lafiyar yara.

Aikin farko da ta ba mu ko kalma ɗaya babu a ciki. Tace kowa ta zana gidan da ta tashi, zaure, tsakar gida, madafi, rijiya in akwai, makewayi, ɗakin kowace mata, sannan ki sa alama a inda kike ɓuya in kin yi laifi. Ni bayan randa na sa alamata, wata babbar randa da ke jikin ɗakin kakata da aka dasa ta a kan yashi, kuma wallahi ina sa alamar sai na ji sanyin nan na jikinta a kumatuna da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, abin da na fi shekara 30 ban tuna ba. Daga nan rubutu ya ɓalle. Wadda ke kusa da ni ta zana gida tsaf ta bar ɗaki ɗaya ba ƙofa, Anti ta duba ba ta ce komai ba ta wuce, sai a kwana na huɗu matar ta yi wa ɗakin ƙofa.

Toh ta yaya rubutu zai sa mutum ya yi sulhu da kansa? Ni fa ban gane haɗin ba.

Nima ban gane ba sai da ya faru da ni, don haka bari in ba ki nawa.

Ni ranar da aka dawo da kayana na rubuta, bayan aurena na fari ya mutu. Rubutun farko shafi 6 ne kuma duk ƙara ce na shigar, shi ya yi kaza uwarsa ta yi kaza ƙannensa sun yi kaza, ni ce mai ƙara ni ce lauya ni ce alƙali. Anti ta karanta tace to mun ji laifinsu, ke kina ina a ranar? Na koma na sake, wannan karon sai na juya bulalar kaina, da na yi haƙuri, da ban mayar da magana ba, da na iya girki kamar yayata, ni ce na ja wa Baba abin kunya a unguwa. Na kawo ina jin na yi gaskiya. Tace wannan ma shari'a ce, wanda ake tuhuma kawai kika canza. Tace ki cire duk wani "da na" da duk wani "ya kamata", ki rubuta min abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji kawai.

Na uku ne ya fito da akori-kurar da ta tsaya a ƙofar gidanmu da la'asar, katifa an naɗe ta da igiyar shanya, madubin sif ya tsage tun a hanya, murfin wata tukunya ya faɗo yana ta juyi a ƙasa yana ƙara kamar ba zai tsaya ba, yaran unguwa sun zagaye, maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana riƙe da ludayi. Da wata yarinya a tsaye a zaure da hijabi ruwan toka tana ƙirga kwanuka don kar ta ɗaga kai. Anti tace shekarunta nawa? Nace 19. Tace a ajin da kike koyarwa akwai masu 18 da 19? Nace akwai. Tace in ɗaya daga cikinsu ce a zauren nan me za ki ce mata?

Ban iya amsawa ba, fita na yi. Shekara 20 ina zagin yarinyar nan da hankalin mace mai shekara 39, ina tuhumarta da rashin sanin abin da sai daga baya na sani. Ban taɓa ganinta ba sai da na ajiye ta a takarda ta zama wata daban da zan iya kallo. Abin da nake nufi da sulhu kenan, ba wai na wanke kaina ba, na mayar da magana ɗin kuwa, bakina bai da linzami a lokacin kuma yana cikin rubutun. Na daina ƙyamarta ne kawai.

Amma wannan ba tonon asiri ba ne? Ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kuma addini fa?

Wannan ita ce tambayar da na fi girmamawa, don mu ma sai da muka kwana muna ja-in-ja a kanta. Abu biyu ne a nan. Na farko giba, aya ta 12 a Suratul Hujurat ta kwatanta ta da cin naman ɗan uwa matacce, kuma ba yadda za ki rubuta rayuwarki ba tare da mutane sun shigo ba. Na biyu hadisin nan da ke cikin Bukhari da Muslim a kan masu bayyana zunubinsu bayan Allah Ya rufa musu asiri. Ba abin wasa ba ne ko ɗaya.

Abin da muka tsaya a kai shi ne rubutawa daban, yaɗawa daban. Abin da kika rubuta a littafinki kika rufe, tsakaninki da kanki ne, ya fi kusa da muhasaba. In za ki karanta wa mutane sai ki canza suna da gari da duk abin da zai sa a gane mutum, in kuma zunubi ne tsakaninki da Ubangijinki da Ya rufa miki, toh ba dole ko kaɗan, ki bar shi a rufe. Mu a cikinmu akwai wadda ta ƙona shafi 4 a murhu ranar tafiya kuma ba wadda ta tambaye ta.

Masu cewa rubuta halin da zuciya ta shiga al'adar Turawa ce kawai kuma, su tuna Imam Gazali. A 1095 yana babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza harshensa ya ɗaure ya kasa koyarwa, ya bar komai ya tafi Dimashƙa ya keɓe, daga baya ya zauna ya rubuta shakkun da ya shiga da yadda ya fita a cikin littafinsa Munƙizu minad Dalal. Maganar bugawa a sayar a kasuwa kuwa da sunayen mutane a ciki, wannan ki tambayi malamin da kika yarda da shi, ni ba zan ba da fatawa ba.

Ni ko sunan ɗana na fari ba na iya faɗa, ta yaya zan rubuta?

Kar ki faɗa mana. Ki rubuta shi yadda kike kiransa a gida, yaron nan, ko babban, ko mai sunan Malam. Wata a cikinmu tun daga farko har ƙarshe "shi" take ce wa maigidanta kuma rubutunta ya fi na kowa taɓa zuciya, don ita kanta kunyar labari ce, mai karatu yana jin nauyin sunan da aka ƙi faɗa.

Kuma kar a raina iyayenmu a wannan fannin. Baba ta Karo, wadda ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta da Hausa a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, tsohuwa ce da ta haura 70 wadda ba ta yi boko ba, ta yi aure 4 ba ta taɓa haihuwa ba, ta kuma faɗi hakan a fili ba tare da ta mai da kanta abin tausayi ba, ta ba da labarin 'ya'yan da ta riƙa da ƙawayenta da zamanin harin bayi. Ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954.

Me ya sa sai an bar gida? Ba zan iya rubutawa a ɗakina ba?

Za ki iya, in za a bar ki. Ni dai a gidana ban taɓa cika minti 20 a zaune ba a ce Mama ina kaza, ko an yi sallama, ko gas ya ƙare. Amma ba hayaniya ce kaɗai ba, a gida ke matar wani ce uwar wasu surukar wasu, ko alƙalami kika ɗauka da wannan bakin kike rubutu. Sai kin yi nisa kaɗan da masu kallonki sannan ɗaya muryar take fitowa. Sai kuma amfanin sauran mutanen, ranar da na karanta labarin akori-kura mata 3 a cikin 8 suka ce su ma an dawo da nasu kayan, ɗaya ma a amalanke, muka yi dariya har da hawaye, ni da nake zaton ni kaɗai ce unguwa ta taɓa kallo.

Akwai wani bincike da ya nuna yana amfani ko dai daɗin baki ne?

Akwai, amma kar a zuzuta. A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, da abokiyar aikinsa Sandra Beall sun sa ɗaliban jami'a su yi rubutu na minti 15 kwana 4 a jere, wasu a kan abu mafi ciwo da ya same su wasu a kan abin da bai da muhimmanci. Waɗanda suka haɗa abin da ya faru da yadda suka ji sun rage zuwa asibitin makaranta a watannin da suka biyo baya. Amma a ranakun rubutun kansu sun fi jin ƙunci, kuma binciken da aka yi ta yi daga baya ya nuna amfanin yana nan amma ba mai yawa ba ne, ba kuma kowa yake samu ba. Sannan shi wancan rubutu ne na sirri na 'yan mintuna, ba zaman kwana 5 da karatu a gaban mutane ba, don haka duk wanda ya tallata miki zama yace kimiyya ta tabbatar za ki warke, ki riƙe jakarki da kyau.

Akwai wanda bai kamata ya je ba?

Akwai. In abin bai daɗe da faruwa ba, rasuwa ce ta watan jiya ko kin fito daga hannun masu garkuwa, ko ba kya barci, ko abin yana dawo miki kamar yanzu yake faruwa, ko tunanin cutar da kanki yana zuwa miki, don Allah ba alƙalami kike buƙata da farko ba, likita ne. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Malamar adabi ba ta san yadda ake rufe ciwon da ta buɗe ba, ita Anti da bakinta ta faɗa mana haka daren farko, ta kuma ce duk wadda ta ji abu ya fi ƙarfinta ta ajiye ta rubuta labarin akuyar gidansu.

Ban yi karatu mai zurfi ba, Turancina ma sai a hankali.

Wa yace da Turanci? Yaren da aka yi miki faɗa da shi kina yarinya, da shi za ki rubuta. Mu 7 da Hausa muka yi, ɗaya tana gauraya da Fulatanci duk inda kakarta ta buɗe baki, ɗaya kuma da ajami don shi hannunta ya saba. Ba mai duba miki ƙa'idar rubutu. Ma fi wahalar sha'ani su ne mu masu digiri, mun iya ɓuya a bayan manyan kalmomi.

Maza fa, ko abin na mata ne?

Ba na mata ba ne, ɗan uwa, ku ne ma kuka fi buƙata inaga, don mu ko ba komai muna da ƙawa da ɗakin uwa, ku kuwa daga majalisa sai ƙwallo sai siyasa, mutum ya shekara 15 yana zama da abokai a benci ɗaya ba wanda ya san kasuwarsa ta karye ko har yau yana mafarkin ranar da aka sauke shi a tasha da allo da ƙullin gari yana ɗan shekara 7. Shawarata kawai ku yi naku daban, mu ma da akwai namiji ko ɗaya a wajen rabin abin da aka faɗa ba za a faɗa ba.

Dole sai na karanta a gaban mutane?

A'a. Mu dokokinmu 3 ne, abin da aka ji a nan ya mutu a nan, ba a ɗaukar hoto ko murya, kuma in mutum ta gama karatu ba a yi mata nasiha. Ta ukun nan ita ce mai wuya, don bakinmu ya saba da sai haƙuri, haka Allah Ya ƙaddara, ki yafe masa mana. Duk gaskiya ne amma in aka faɗa a lokacin sai mutum ta ji kamar an rufe mata baki da murfi. Abin da aka yarda ki ce shi ne wane waje ne ya tsaya miki a rai, da wane waje ne ba ki gane ba.

In 'yan uwana suka ce ba haka aka yi ba fa?

Za su ce kuwa. Da na karanta wa yayata nawa cewa ta yi ba la'asar ba ce da safe ne, kuma hijabin ba ruwan toka ba ne. Wataƙila ita ce da gaskiya, ƙwaƙwalwa ba kaset ba ce, duk tunawa sai ta ɗan sake ɗinki. Abin da ba a yarda ba shi ne ƙirƙira da gangan, ki sa wa mutum maganar da kin san bai yi ba. In kina kokwanto ki rubuta haka nan, a tunanina la'asar ce, Yaya tace safiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ɗakin nan ba ke kaɗai kika kwana a ciki ba, ita ma Yaya ashe ranar tana bayan ƙofa tana kuka don ita ta haɗa auren, ban taɓa sani ba sai ranar da muka yi musun hijabi.

Ba ni da kuɗin tafiya, kuma maigida ba zai bar ni in kwana a waje ba.

Toh a rage buri. Ku samu ku 4 ko 5 da kuka yarda da juna, ba dangi na kusa ba, ba kuma wadda kika san bakinta ba ya riƙe ruwa, ku ari falon wata da yaranta suka tafi hutu ko aji ɗaya a makaranta ranar Asabar, daga 9 zuwa La'asar, Asabar 4 a jere. Kowa ta zo da abincinta da littafi mai layi sabo da biro 2, wayoyi a kula. Ku fara da zanen gida. Bai kai kwana a waje ba gaskiya, don da yamma za ki koma ki ɗora tukunya abin ya tsinke, amma ya fi babu nesa ba kusa ba.

Ke yanzu shikenan kin warke? Kuma yaushe littafin zai fito?

Kai, wane irin warkewa. Har yanzu in na ga mota ɗauke da kayan ɗaki a titi da rana tsaka sai na duba ko akwai 'yan rakiya masu guɗa, in babu sai gabana ya faɗi. Bambancin dai da can kawar da kai nake, yanzu kuwa ina bin motar da ido ina cewa Allah Ya sa akwai mai tarbarta a zaure.

Littafi kuma babu shi, shafi 41 ne a littafi mai bangon shuɗi, yana ƙasan akwati a ƙarƙashin zannuwan da ba na ɗaurawa. 'Yata ta fari, wadda ba zan faɗi sunanta ba, ta cika 17 bana, ta gan shi ranar da muke neman wani leshi ta tambaye ni na mene ne, nace lissafin adashi ne. Ta kalle ni ta mayar da shi inda yake ta ɗora zannuwan a kai yadda ta same su.